Littafi na Huɗu da Asabe Ba Ta Ji Ba

Yayan matata, Alhaji Habu, ya ɗauki memorin da ƙanwarsa ke sauraren littafi a ciki tana kwance ba lafiya, ya kai aka goge shi tas, aka cika shi da abin da shi ya ga dama. Bai tambaye ta ba, bai tambaye ni ba. Saura mata kashi ɗaya ta gama littafin, kuma ba ta gama shi ba har Allah Ya karɓi abarsa. Da wannan na fara, don kada wani ya karanta har ƙasa yana zaton yabon dangi na zo yi. Alherinsa ma zan faɗa in an zo wurin. Ba na cin haƙƙin mutum don ina jin haushinsa.

Sunana Mamman, albasa nake sayarwa a Anacha. A aji huɗu na firamare na tsaya. Matata Asabe kuwa ta gama sakandare a Wudil kafin in auro ta in kawo ta unguwar Fegge a nan Anacha, ɗaki ɗaya a gidan haya, mu kaɗai ne Hausawa a ciki. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, ba ta jin Ibo, ba ta jin Turancin kasuwa. In na dawo da yamma sai in tarar idonta ya kumbura, ta ce hayaƙin risho ne.

Wata rana a Upper Iweka, inda manyan motocin Arewa ke lodi, na ga wani ɗan littafin Hausa a gaban motar Sale, direban da ke kawo mana kaya daga Kano. Bangon ya yage, ya sha man inji. Na roƙe shi ya ba ni. Asabe ta cinye shi a yini ɗaya, washegari ta koma kukanta, wannan karon wai don ya ƙare. Daga nan ta kafa wa kanta doka. Littafi ɗaya duk wata, daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani, ba gaggawa. Sale ya kawo, ita ta raba shi daidai kwanakin. Ko labari ya kai inda rai ke tsaye, in ta kai iyakar ranar sai ta rufe ta sa ƙarƙashin katifa.

A bakin ƙofa take karanta min, ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Kowa da muryar da take ba shi. In wani a littafin ya yi shirme sai ta sauke littafin ta dube ni, ta ce, "Baban Rabi, ka ji wawa?" Kamar ni na haife shi. Maƙwabciyarmu Mama Nkechi ba ta jin ko kalma ɗaya, amma takan jawo kujera ta zauna, in Asabe ta yi dariya ita ma ta yi. A haka muka haifi Rabi, a haka ta girma, a haka muka aurar da ita Borokiri can Fatakwal. Ni ban taɓa gama littafi da idona ba, amma na san littattafai fiye da wasu masu digiri, duk ta bakin matar nan.

Yanzu ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ciwon ya fara da ƙishirwa. Ta sha ruwa, ta je bayi, ta dawo ta sha. Na ce zafi ne. Ta rame, na ce kewar Rabi ce. Mai kemis ya ce maleriya da taifot, abin da yake ce wa kowa ke nan ko ƙaya ka taka. Sai ta fara nesanta littafi da fuskarta, daga baya ta dawo da shi har yana taɓa hanci. Na saya mata tabarau a wurin masu talla a tire. Sai da wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa muka je asibiti, aka ce suga ce, kuma ta daɗe, ta riga ta taɓa ido. In matarka ta fara shan ruwa haka, kada ka tsaya yi mata fassara irin tawa. Kai ta a ɗiba jini.

Ranar da ta miƙo min littafi ta ce in karanta mata, na san abin ya kai. Na fara, ina tafiya kamar tirela a kan tudu. Ta yi haƙuri har shafi ya kusa ƙarewa, sannan ta ce, "Baban Rabi, kana kashe min mutane tun marubucin bai kashe su ba. Kawo abina."

Rabi ce ta aiko da ƙaramin rediyon nan mai cin memori. Sale kuma ya gano wani mai tura waƙoƙi a waya a Kano da ke da muryar wata mata tana karanta tsofaffin littattafai. Da farko Asabe ta ƙi, ta ce ji ba karatu ba ne. Da ta saurara sau ɗaya sai ta ce matar nan tana jan numfashi daidai inda ita ma za ta ja. Doka ta dawo yadda take. Wata ya tsaya, Sale ya kawo sabon memori, a kunna kaɗan a kashe. Akwai wani memorin dabam na karatun Alƙur'ani da azkar, ta ɗiga masa jan farce don ta gane shi da lalube. Shi take fara sawa kullum da safe. Na faɗi wannan da gangan, za ku ga dalili.

Mun yi shekaru a haka, ana allura ana kiyaye abinci. Bara da damina ƙafafunta suka kumbura, sai fuska, sai amai. Makon farko wani ƙaramin asibitin kuɗi a Fegge suka yi ta ɗura mata ruwa, tana ƙara hawa kamar buhu. Mako na biyu na masu shawara ne. Wannan ya kawo sassaƙe, wancan ya kawo rubutu, Mama Nkechi ta matso ruwan shuwaka, wani abokin kasuwata ya ja ni gefe ya ce sammu ne, in bincika cikin dangina. Duk ta sha abin da ake sha, don ba ta iya mayar da hannun mutum. A mako na uku numfashi ya fara yi mata wuya in ta kwanta, aka ce mu tafi babban asibiti a Inugu.

Likitan da ya duba takardun gwajin yaro ne, bai fi Rabi ba. Ya dube ni ya ce, "Oga, her kidney don tire." Ƙodarta ta gaji. Har yau in na ɗaga buhu na ji bayana ya riƙe, maganar nan ce ke faɗo min. Ya ce sai wankin ƙoda, kuma ba sau ɗaya ba, abu ne na kullum.

A nan Alhaji Habu ya shigo, kuma ga alherinsa. Shi babban dillalin shanu ne a Inugu, ya fi ni daɗewa a Kudu, ya fi ni komai. Ya ba mu ɗaki a gidansa. Ya ba da motarsa da direba ranakun asibiti. Wankin farko da na biyu shi ya biya, ban roƙa ba. Matarsa Hajiya Binta ta riƙa yi wa Asabe girki dabam ba gishiri, ta wanke mata kaya da hannunta. Allah Ya saka mata. Shi ma wannan ɓangaren Allah Ya saka masa.

Wanda bai yi jinyar ƙoda ba bai san layi ba. Ka je da sassafe ka tarar wasu sun riga ka, injinan kaɗan, ɗaya ya lalace ana jiran mai gyara. A ce jininta ya yi ƙasa, nemo mai bayarwa. Matasanmu masu turin baro da masu wankin takalmi su suka ba ta jini, wasu ko sunanta ba su sani ba, an dai ce matar Bahaushe ce. An huda mata wuya an sa roba. Kowane mako sai na sayar da wani abu, har na saki rabin rumfata. Ina Inugu ina Anacha a kan hanyar nan mai ramuka, don in ban je kasuwa ba babu kuɗin wanki na gaba.

Ana cikin haka Sale ya kira ni yana dariya, ya ce in gaya wa Asabe an samu na huɗu.

Sai na yi bayani. Tun tana amarya a Fegge akwai wani littafi mai kashi huɗu da ta karanta uku, na huɗun bai taɓa zuwa hannunta ba. Labarin wata mata ce Talatu, ƙanenta ya biyo shanu Kudu bai koma ba, ta sayar da keken ɗinkinta ta taho nemansa. Na uku ya tsaya tana tsaye a wata kasuwar shanu, wani ya ce mata ya san mai wannan kamannin. Shekara da shekaru duk direban da zai tafi Kano sai Asabe ta ba shi sallahu, a dawo a ce an daina buga shi. Sai ga shi matar nan mai karatu ta karanta shi duka huɗun.

Da na sa mata memorin a tafin hannu ta daɗe tana shafa shi da yatsa. Na ce to, a tsallaka kai tsaye zuwa na huɗu. Ta ce a'a, daga farko za ta fara, kuma wata guda zai yi mata kamar kowane.

Na ce, "Asabe, ki ji abinki ki huta. Wa ya san gobe?"

Ta ce, "Abin da na jira tun Rabi ba ta zo duniya ba, shi zan haɗiye kamar ƙwayar magani? Wata bai ko raba ba."

Ta mai da shi na ranakun wanki. In an jona ta da inji, jininta na zagayawa cikin roba, sai ta sa abin kunne ta rufe ido. Da can sai na yi ta lallashi kafin ta yarda a tafi, don wankin na kakkarya ta. Yanzu ita ke tashina. Wata nas 'yar Ibo ta tambaye ni me madam ke ji haka take murmushi a kan inji, na ce labari ne. Ta ce in ma sauran marasa lafiyar za su samu irinsa da aikinsu ya yi sauƙi.

Wata rana da la'asar a gida ta yi wa kanta ƙari kaɗan, ta kunna a fili muna ji tare. Alhaji Habu ya yi sallama ya shigo ya tarar tana dariya. Ya tsaya, ya saurara, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Asabe, mutum yana wannan hali, tatsuniya yake ji?"

Ta ce, "Yaya, na yi karatuna da safe. Wannan na rage zafi ne."

Ya ce, "Wanda ke kan gaɓa ba ya rage zafi da ƙarya. Kai kuma Mamman kana zaune kana taya ta."

Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Yaya." Me zan ce? Tuwonsa ne a cikina.

Bayan kwana biyu na tafi Anacha sauke kaya. Ta riga ta gama na uku, ranar wanki mai zuwa za ta shiga na huɗu. Tana barci Alhaji Habu ya shiga ya zare memorin, ya aika shagon masu waya aka goge, aka zuba wa'azi, ya mayar cikin rediyon kamar ba a yi komai ba. Hajiya Binta ce ta raka ta asibiti ranar, ita ta ba ni labari. An jona Asabe da inji, ta gyara kwanciya, ta danna. Sai ga murya tana bayanin daren farko a kabari. Ta danna gaba, haka. Ta sake dannawa, haka. Ta cire abin kunnen ta juya fuska bango har aka gama.

Kada wani ya juya min magana. Ba ni da faɗa da wa'azi, Asabe ma ba ta da shi. Ga nata memorin mai jan farce a gefen filo, bai ko duba ba. In ƙari yake so ya yi mata, memori nawa yake a wurin mai sayar da shanu? Ya sayo sabo ya ba ta, ta yi masa godiya. Amma sai ya goge nata.

Da na dawo na ji, na miƙe zan fita wurinsa, ta kamo bakin rigata. Ta ce, "A gidansa muke. Zauna." Na zauna.

Na kira Sale, motarsa ta lalace a hanya yana jiran kayan gyara. Da ya isa Kano, mai tura waƙoƙin nan ya yi tafiya gaisuwar mutuwa ƙauyensu, shago a kulle. Rabi ta zo daga Fatakwal ta yi ta bincike a wayarta, ta samo na ɗaya da na biyu da wata murya dabam. Wasu suka ce ta tura kuɗi su turo na huɗu, ta tura, suka turo wani littafin can na wasu masu kuɗi a Abuja. Asabe ta ji kaɗan ta ce a kashe.

Daga nan lallashin ya dawo. Ranar wanki ta ce jikinta ba ƙarfi, a bari sai jibi. Wurin robar wuyan ya kama ruwa, zazzaɓi ya shiga, aka ba mu gado. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Ban ce goge memori ne ya kashe ta ba, ni ba jahili ba ne har can, kwana ne ya ƙare. Abin da na sani shi ne da tana da abin da take tashi dominsa, aka wayi gari babu. Kullum in na shigo ɗakin, kafin ta tambayi Rabi sai ta ce, "Sale ya taso?"

Ranar da na ga ko ruwa ba ya wucewa sosai, na jawo kujera bayan la'asar na ce mata Sale ya samu, ya kunna min ta waya na ji har ƙarshe, bari in ba ta.

Ta ce, "To."

Na ce mutumin nan ya kai Talatu wata rumfar mai tsire, ta tarar da ƙanenta yana juya nama, ya yi ƙiba har da tumbi. Suka rungume juna suna kuka. Ya ce kunya ce ta hana shi komawa, shanun mutane sun mutu a hannunsa. Ta ce ya taso su tafi, suka je tasha suka hau jirgin ƙasa.

Ta ce, "Jirgin ƙasa?"

Na ce, "E."

Ta ce, "Baban Rabi, a na uku ruwa ya cinye gadar jirgin. Kana wurin aka faɗa, kana gyangyaɗi."

Idonta a rufe, amma bakinta ya motsa irin na mai son dariya.

Ta ce, "Kuma marubutan nan ba sa bari a samu mutum da arha haka. Amma ci gaba. Ka sa su hau mota."

Na sa su a mota. Ta ce ba ta yarda da tumbin nan ba, a rage shi, wanda ya yi shekaru yana ɓuya ba ya ƙiba. Na rage. Ta ce in sun zo Lakwaja ya saya mata soyayyen kifi, don tun da ta taho ba ta ci abin kirki ba. Na saya. Ta ce keken ɗinkin fa? Na ce ya yi alkawari zai saya mata sabo. Ta ce a'a, nata na da take so, a je a fanso shi wurin wanda ya saya. Muka yi ta yi, ni ina tuƙi tana nuna hanya, har muka kai su ƙofar gida. Ta ce su isa da rana, yara na wasa a waje, wata tsohuwa ta fara gane shi. Na ce haka aka yi.

Ta ce, "To ya ƙare. Bai kai na mai shi ba, amma ya ƙare."

Can ta ƙara da cewa, "Ka gaya wa Yaya na yafe masa. Kada ka ƙi faɗa."

Ta cika da safiyar Juma'a, Rabi na riƙe da hannunta, kalmar shahada a bakinta, na ji da kunnena. A Inugu aka binne ta. Matar da ta yi rayuwarta tana sauraren labarin masu komawa gida, ita ba ta koma ba.

Sale ya iso bayan sadakar bakwai. Ya yi min gaisuwa, ya ciro 'yar takarda a naɗe daga aljihu, memorin na huɗu a ciki, ya rasa yadda zai miƙo min. Na karɓa. Na koma ɗakinmu na Fegge, kuma har yau duk tsayuwar wata ina sa sabon littafi a rediyon, in ji kaɗan in kashe, ina tsintar albasa. Wani lokaci in wani ya yi shirme sai in ɗaga kai. Wancan na huɗun dai ban kunna ba. Ba ni aka ajiye wa shi ba.

Ranar arba'in na je Inugu. An yi addu'a a ƙofar gidan Alhaji Habu, an raba waina. Ina zaune ina jinsa yana gaya wa mutane cewa alhamdu lillahi, shi ya tsaya tsayin daka sai da ya raba ta da tarkacen da take ji, ta tafi da abu mai kyau a kunnenta. Mutane na cewa madalla. Na bari sai da aka watse, ya rage daga shi sai ni a kan tabarma.

Ya ce, "Mamman, sai haƙuri. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu."

Na ce, "Yaya, ɗakinka da motarka da kuɗinka, na gode, har in mutu ina faɗa. Amma abin da ka gaya wa mutanen nan ba haka ba ne. Ba ta ƙara kunna abin da ka zuba ba ko sau ɗaya. Karatunta na safe kuwa, tana yinsa tun kafin ka san ba ta da lafiya. Tsoronka kada ta tafi da labarin ƙarya a kunne, to da shi ta tafi, nawa, wanda na ƙaga a bakin gado don ka ɗauke mata na gaskiyar. Abu ɗaya matar nan ta roƙa a duk jinyarta, ba a wurinka ma ta roƙa ba, ka shiga tana barci ka ɗauke."

Ya buɗe baki, na ce, "Ban gama ba. Ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya maka ta yafe maka. Na gaya maka, na sauke. Wannan yafiyar tata ce. Tawa ban kawo ba."